Neman mai terapi a Ingila: na gwamnati, na kuɗi, da wanda ke haɗa hanyoyi

Yaya, ina wuni, ya gida ya yaran, ya ƙoƙari. Na ga saƙonki kan maganar 'yar tamu da za ta zo karatu, da tambayar da kika yi ko in ta iso za ta samu wanda zai ci gaba da duba ta kan wannan damuwar da faɗuwar gaban da ke taso mata, kika ce ba kya son a ɗora ta kan ƙwaya kawai a sallame ta, so kike a samu wanda zai zauna da ita ya saurare ta ya dubi abin ta kowane ɓangare. Ban amsa da murya ba ne don maganar tana da rassa, na ga gara in rubuta ki karanta a nutse sannan ki tura mata, tunda ni ma na bi ta hanyar nan bayan rasuwar Mama, abin da na gani da idona zan faɗa miki.

Irin wanda kike nema akwai shi, suna da yawa ma. Amma abin da nake so ki fara riƙewa shi ne, inda gwamnati ta fi sa ido a nan ba nan ake samun mai haɗa hanyoyi ba, inda kuma ake samunsa da yawa, wato wajen masu zaman kansu, nan ne sa idon ya fi rauni, don haka dole mutum ya buɗe idonsa da kansa.

Bari in ɗan yi miki bayanin hanyoyin tukunna don in na ce haɗawa ki san me ake haɗawa. Terapi dai magani ne na zama da magana, ba allura ba ƙwaya, amma masu yin sa makarantu ne daban-daban kuma ba su yarda da juna a komai ba. Wadda ta fi yawa a nan ita ce CBT, wani likita Ba'amurke Aaron Beck ne ya kafa tushenta a shekarun 1960, su abin da suke kallo shi ne yau, me kike gaya wa kanki idan abu ya faru, me kike gujewa, ya tunanin ke jawo faɗuwar gaba ita kuma faɗuwar gaban ta sa ki ƙara ɓuya, har aikin gida suke bayarwa, ki rubuta, ki gwada shiga motar haya da kike tsoro ki dawo ki ba da labari. Akwai ta Carl Rogers wadda ta girmi waccan, shi cewa ya yi mutum in ya samu mai sauraronsa da gaske ba tare da hukunci ba zai gano mafitarsa da kansa, su ba sa ba da aiki ba sa ba da umarni. Akwai wadda ta samo asali daga Sigmund Freud, masu komawa baya, yarinta, yadda aka rene ki, abin da kika haɗiye shekara da shekaru ba ki faɗa ba. Sai EMDR da Francine Shapiro ta fito da ita a 1987, ta mutanen da suka ga tashin hankali kamar haɗari ko hari abin yana dawo musu kamar yanzu yake faruwa, ana sa mutum ya tuno abin yana bin yatsa ko haske da ido dama da hagu. Mai haɗawa shi ne wanda ya koyi biyu ko uku daga cikin irin waɗannan, yake duba mutumin da ke gabansa ya zaɓi abin da ya dace da shi a lokacin, in 'yar tamu za ta nema a intanet kalmar da za ta rubuta ita ce integrative, wasu kuma suna rubuta pluralistic.

To ƙofa ta farko ita ce ta NHS, wato tsarin kula da lafiya na gwamnatin ƙasar nan, kuma ina so ta fara da ita don ta riga ta biya, kuɗin lafiyar nan da ake karɓa tare da biza, fam 776 a shekara ga ɗalibi, mu ma'aikata fam 1,035, shi ne ya ba ta haƙƙin. A Ingila akwai shiri da suka fara a 2008 da sunan IAPT, a 2023 suka canza masa suna ya koma NHS Talking Therapies, abin da ya burge ni da shi shi ne ba sai likita ya tura ki ba, in dai kin yi rajista da GP, wato likitan unguwa, ke da kanki za ki shiga shafinsu ki cike fom, su kira ki a waya su yi miki tambayoyi su tantance. Ƙa'idar da suka ɗora wa kansu ita ce kashi 75 cikin ɗari su fara ganin wani cikin sati 6, kashi 95 cikin sati 18, amma ki sani wani yankin ya fi wani cunkoso, kuma bayan kiran farko akan sake jira kafin a fara zaman sosai. Hawa-hawa suke yi, in abin bai yi tsanani ba za su fara haɗa ki da ma'aikacin da zai bi da ke cikin ɗan littafi ko darasi a kwamfuta ko aji na mutane da yawa, in bai isa ba sai a hau da ke wajen mai cikakken horo. Ba CBT kaɗai suke da ita ba, akwai EMDR, akwai ta ma'aurata, akwai wadda ke duba dangantakarki da mutane, amma kowacce ita kaɗai ake ba ki, da adadin zamanta, yadda hukumar NICE mai tsara ƙa'idar magani ta amince bayan an gwada an ga tana aiki.

Wani abu da zai ba ta mamaki, kafin kowane zama sai ta cike takardar tambayoyi. Ɗaya tambaya 9 ce kan damuwa, suna ce mata PHQ-9, a sati biyun da suka wuce sau nawa kika ji ba kya sha'awar komai, ya barci, ya cin abinci, kin ji kamar kin kunyata iyalinki, har da tambayar ko tunanin mutuwa ya zo miki, kowacce ki zaɓa daga sifili zuwa 3 a tara maki, ƙarshensa 27. Ɗayar tambaya 7 ce kan fargaba. Da farko abin ya yi min nauyi wallahi, ace baƙin cikin uwa a mayar da shi lamba, amma da tafiya ta yi tafiya matar da ke duba ni ta juyo min allon kwamfutarta na ga layin yana sauka sati bayan sati, a lokacin ni ban ma yarda ina samun sauƙi ba, ganin layin nan ya ƙarfafa min gwiwa. Barcina ya dawo ta dalilinsu, bugun zuciyar da ke kama ni a wurin aiki na koyi yadda zan zauna da shi har ya wuce, ba zan taɓa raina wannan ba kuma ko sisi ban ƙara ba. Sai dai da aka gama na ji akwai sauran magana a cikina wadda ba ta cikin aikin da aka tsara mana, rashin ganin gawar Mama, laifin da nake ɗora wa kaina na yin nisa, yadda nake tsayawa sallah zuciyata ba ta wurin, wannan ba abin da za a ba ni aikin gida a kai ba ne, shi ya sa na shiga neman mai haɗawa.

Nan ne ƙofa ta biyu, ta kuɗi, kuma Yaya ki ja kunnenta sosai a nan. A ƙasar nan doka ba ta kare sunan mai terapi ko mai ba da shawara ba, ma'ana ko wa ya ga dama zai iya yin kwas na 'yan makonni a intanet ya buga kati ya kama ɗaki ya fara karɓar mutane, bai karya doka ba. Ni da na ji haka sai da na sake tambaya don ban zaci ƙasar da ke bin diddigin komai za ta bar wannan a sake ba. Sunayen da doka ta kare kaɗan ne, likitan ƙwaƙwalwa mai rubuta magani yana ƙarƙashin GMC, hukumar rajistar likitoci, kamar kowane likita, sai masu sunan clinical psychologist da counselling psychologist da ke ƙarƙashin HCPC, hukumar rajistar wasu ma'aikatan lafiya, yawancin sauran kuwa rajistar ganin dama ce. Abin da ya rage wa mutum shi ne ya duba ko sunan yana cikin rajistar ƙungiyoyin da PSA, hukumar da ke sa ido kan irin waɗannan rajistoci, ta tantance, manyansu su ne BACP wadda take tun 1977, da UKCP, da NCPS, masu CBT kuma suna da tasu BABCP. Kowacce tana da shafi da za ki rubuta sunan mutum ki ga ko yana ciki, kar ta yarda da tambarin da ya liƙa a shafinsa, ta je shafin ƙungiyar ta duba da kanta, minti biyu ne. Amfanin rajistar shi ne akwai inda za ki kai ƙara in ya ci amana, yana da inshora, kuma akwai wani babba a sana'ar da yake kai wa aikinsa ana dubawa. A BACP wanda kika ga an ƙara masa Accred a bayan suna ya yi aƙalla awa 450 yana ganin mutane kuma ana duba aikinsa aƙalla awa ɗaya da rabi duk wata, na UKCP kuwa yawanci horonsu ba ya gaza shekara 4 kuma yawancinsu su kansu sai sun zauna a kujerar mara lafiya an yi musu terapin kafin a sake su.

Kuɗin kuma ba wasa ba ne. Yawancin waɗanda na gani daga fam 50 ne zuwa 80 a zama ɗaya, a Landan ya fi haka, masu digirin dakta suna haura ɗari, zaman kuma minti 50 ne ba awa ba, sati-sati, in za ki fasa sai kin faɗa da kwana ɗaya ko biyu in ba haka ba za ki biya ko ba ki je ba. Ki lissafa wata ɗaya ki ga, ga ɗalibar da ke fama da kuɗin haya ba ƙaramin abu ba ne. Amma akwai hanyoyin sauƙi da mutanenmu ba su cika sani ba, da yawansu suna ware gurbi ɗaya ko biyu na rangwame ga ɗalibai da masu ƙaramin albashi, ba sa tallatawa sai kin tambaya, kuma tambayar ba abin kunya ba ce a nan sun saba. Makarantun da ke horar da masu haɗa hanyoyin ma suna da wurin ganin mutane da araha inda ɗalibansu na shekarun ƙarshe ke aiki ana duba su, a Landan akwai Minster Centre da Metanoia, sauran garuruwa ma akwai irinsu. Jami'arta za ta kasance tana da ofishin ba da shawara kyauta, zama kaɗan suke bayarwa amma yawanci masu haɗawa ne a wurin, mu kuma ma'aikata wuraren aiki da dama suna biya mana kamar zama 6 ta wani kamfani daban ba tare da manaja ya san me aka tattauna ba. Sai ƙungiyoyin agaji irin su Mind da ke da rassa a garuruwa.

Yanzu ga inda nake so in daɗe, don nan ne na ga bambanci da idona. In kin buɗe shafukan da ake jera masu terapi, ki sa lambar unguwarki, za ki ga kusan kowa ya rubuta yana haɗa hanyoyi, wani ya jero goma sha, kuma ba duka ne suka yi ƙarya ba amma ba duka ne suka iya ba. Ta NHS kamar rigar kanti ce mai kyau, an auna ta a jikin mutane da yawa an tabbatar ba ta yagewa, sai dai wata kafaɗar za ta ɗan matse, mai haɗawa kuma tela ne, in gwani ne zai auna ki ya fitar da abin da ya zauna miki, in ba gwani ba ne ya ɓata miki yadi ya kuma karɓi kuɗin ɗinki. Na zauna da wata da farko, mace mai fara'a ba ta da mugunta, amma yau ta ce mu yi numfashi, wani satin ta kawo katuna masu hotuna in zaɓa, wani satin ta ce in yi magana da kujera kamar Mama na zaune a kai, ba tare da ta shirya ni ba ko ta gaya min dalili, na fita daga ɗakin jikina na rawa na shiga aikin dare a haka, da na tambaye ta ina muka dosa sai ta ce mu bar abin ya kai mu inda zai kai mu. Wannan ba haɗawa ba ne, tsince-tsince ne, kuma ga mai rauni yana iya zama cutarwa don an buɗe ciwo ba a san yadda za a rufe ba.

Wadda na dace da ita daga baya tun a wayar farko na ji bambancin, yawancinsu suna ba da kamar minti 15 kyauta a waya don a ji juna. Na tambaye ta me take haɗawa, ba ta yi kame-kame ba ta ce tushenta sauraro ne irin na Rogers, a kansa ta yi horon komawa baya, sannan tana ɗauko dabarun CBT idan mutum na buƙatar abin riƙewa a hannu, EMDR kuma ba ta yi ba don haka in ta ga ina buƙata za ta tura ni wajen wanda ya iya. Wannan kalmar ta ba ta iya ba ita ce ta sa na yarda da ita. Ɗakinta ƙarami ne a saman wani ofis, kujera biyu ba su fuskanci juna sak ba an ɗan karkata su, kwalin tishu a gefena, agogo a bayana inda ita take gani ni ba na gani don kar in riƙa ƙirga mintuna. Bayan 'yan zama ta ɗauko farar takarda muka zana tare, ga abin da ke faruwa in an kira daga gida, ga laifin da ke taso min, ga yadda nake ƙara karɓar aiki don in turo kuɗi in ji na biya, ga gajiya, ga rashin barci, kibiya ta zagayo ta dawo inda ta fara. Ta ce wannan gefen na barci da aiki za mu taɓa shi da dabara yanzu-yanzu, wannan na laifi kuma ba gaggawa, za mu bi shi a hankali har yarinta, kuma duk bayan sati shida za mu tsaya mu duba ko ana ci gaba, in ba a yi in faɗa mata a canza. Takardar nan ita ce shaidar cewa ta san abin da take yi.

Ki kuma sani akwai haɗin da an riga an yi shi an ba shi suna an gwada shi, ba sai mutum ya dogara da basirar mai terapi kaɗai ba. Akwai CAT da wani likita ɗan ƙasar nan Anthony Ryle ya tsara wajen shekarun 1980, ya auri CBT da hanyar komawa baya, yawanci zama 16 ne kuma mai terapin har wasiƙa yake rubuta miki ta yadda ya fahimci labarinki ku karanta tare ku gyara, ana samunta a wasu sassan NHS. Akwai DBT ta Marsha Linehan ga masu jin abu da zafi har su cutar da kansu, akwai ta Paul Gilbert ta koyon tausaya wa kai ga masu yawan zargin kansu, wadda nake ganin za ta dace da 'yar tamu don kin san yadda take cin kanta in ta faɗi jarabawa ko da maki ɗaya ne. Masu bincike kuma sun daɗe suna nuna cewa jituwa tsakanin mutum da mai terapinsa, yarda da juna da amincewa kan inda aka dosa, tana cikin manyan abubuwan da ke sa a warke ko wace hanya aka bi, don haka in ta zauna da mutum sau biyu uku ta ji zuciyarta ba ta kwanta ba ta canza, ba rashin kunya ba ne, ko a NHS tana da damar ta nemi a canza mata ko ta ce mace take so.

Maganar addini, na san ita ce a ranki ko da ba ki rubuta ba. Gaskiya akwai masu terapin da in kin ce ƙaddara ko kin ce kina tashi tsakar dare kina addu'a za su yi shiru su wuce kamar ba ki ce komai ba, akwai ma wanda zai ga yawan zumuncinmu da nauyin da muke ɗauka na 'yan uwa kamar shi ne ciwon, ya fara koya miki yadda za ki yanke mutane. Amma abin yana canzawa, a Jami'ar Leeds Farfesa Ghazala Mir da abokan aikinta sun gyara wata hanyar maganin damuwa ta yadda za ta shigo da imanin Musulmi cikin jinyar, kuma an yi amfani da ita a wasu wurare kamar Bradford. Akwai ƙungiyar masu terapi Musulmi MCAPN mai jerin sunaye, akwai BAATN ta baƙaƙe da 'yan Afirka da 'yan Asiya, a Landan kuma akwai cibiyar Nafsiyat tun 1983 da ke aiki da harsuna sama da 20. Ni dai ra'ayina ba dole sai Musulma ko baƙa ba, tawa ba ko ɗaya ba ce, amma ranar da na ce mata ina jin kunyar Allah don na kasa haƙuri, ba ta ce min in bar wannan tunanin ba, tambayata ta yi a addininku me ake cewa game da kuka a kan mamaci, na ce ai Annabi (SAW) ma ya zubar da hawaye da ɗansa Ibrahim ya rasu, ina faɗa ina jin abin yana sauka daga ƙirjina, da bakina na ba kaina amsa, ita dai ta san inda za ta tsaya ta yi tambaya. Wata kuma za ta fi sakewa da wadda ta san komai ba sai an yi bayani ba, wata tsoron 'yar gida take kar magana ta zaga, 'yar tamu ita za ta zaɓa. Ta dai yi tambayar tun a waya, ya kike aiki da mai addini, amsar za ta nuna mata komai.

Na tambayi ɗan Kawu da ke Jamus don in kwatanta, ya ce su can sunan mai terapi doka ta kare shi ba kowa ke ɗauka ba, inshorar gwamnati tana biyan hanyoyi huɗu kuma zaman da suke bayarwa ya fi na nan yawa sosai, amma ƙa'idarsu ta hana a gauraya hanyoyin a jinya ɗaya, ki zaɓi ɗaya ki bi, ga jiran gurbi na watanni. Ƙawata ta Amurka kuma ta ce can kowace jiha ke ba da lasisi, masu haɗawa ko'ina, amma komai na hannun kamfanin inshora, sai wanda ke cikin jerinsu, kuma sai an rubuta miki sunan ciwo kafin su biya. Kowace ƙasa da inda ta matse.

In na waiwayo gida kuma, abin da muka fi sani shi ne sai abu ya yi tsanani a kai mutum asibitin ƙwaƙwalwa a ga likita a karɓo magani, masu zaman magana sun yi kaɗan kuma likitan da layi ke jiransa ba shi da minti 50 da zai ba mutum ɗaya ko yana so. Sai a Janairun 2023 aka sa hannu kan sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa da ta maye gurbin ta 1958. Amma kar mu raina kanmu, wannan haɗawar da ake yayi a nan, Farfesa Thomas Adeoye Lambo ya yi irinta a Aro ta Abeokuta tun 1954, ya zaunar da marasa lafiya a ƙauyuka tare da danginsu suna zuwa asibiti da rana, ya kuma yi aiki da masu maganin gargajiya, duniya ta zo ta koya har ya kai mataimakin shugaban Hukumar Lafiya ta Duniya. Abin da ya gane shi ne abin da babu a nan, mutane. Nan za ki samu ƙwararre da takarda da tsari, ki fito daga ɗakinsa ki koma ɗakin da ba mai ce miki sannu har wani satin, ga sanyi ga duhu tun ƙarfe huɗu na yamma a watan Disamba, shi ya sa nake roƙonki ko ta samu mai terapi mafi kyau a ƙasar kar ku rage kiranta.

Tsoron da yaranmu ke ji na cewa zai shafi biza ko ya shiga takardun makaranta, ki kwantar mata da hankali, ganin likita a NHS ba ya cikin tallafin gwamnati da aka hana masu biza karɓa, haƙƙinta ne da ta biya. Abin da ta faɗa sirri ne, ko ke mahaifiyarta kika kira ba za su gaya miki ba tunda ta wuce 18, sai in sun ga ranta ko na wani na cikin haɗari, kuma wannan za su faɗa mata tun zaman farko. Na NHS yakan shiga fayil ɗinta na lafiya, na kuɗi kuwa ba ya shiga sai ta yarda.

Maganin da take sha yanzu kar ta ajiye shi don ta ji za ta fara terapi, ana haɗa su kuma yanke shi farat ɗaya yana da illa. Ta taho da shi a kwalinsa da wasiƙar likitanta mai bayanin sunan maganin da adadinsa, mai terapi ba ya rubuta magani, GP ne zai ci gaba da rubutawa, a Ingila fam 9.90 ne kowane magani, in Sikotilan ko Wels ta samu gurbi kyauta ne amma tsarin neman terapinsu daban ne da wanda na faɗa miki. Satin da ta sauka ta yi rajista da GP tun kafin ta buƙace shi, ta cike fom ɗin NHS ta shiga layi, ta leƙa ofishin jami'a, in ya so tana jira muna duba na kuɗin tare ni da ita, zan zauna kusa da ita ta yi wayar farko in tana so. Ki sa ta ajiye lambobin nan a wayarta tun tana gida, 111 ta zaɓi ɓangaren lafiyar ƙwaƙwalwa in abin ya taso mata da dare, 116 123 na Samaritans masu sauraro kyauta dare da rana, 999 in rai na cikin haɗari. Ki turo min sunan garin da jami'ar take da ranar da za ta taso in fara dubawa, ki gaida Baba da su Anti.